Yadda Ɗan Hoto Ke Tafiya a Allo: Shirin Faɗakarwa Kan Tsofaffin Wasannin Kwamfuta

  Ina gaida mutanen Nima da Maamobi a nan Accra. Ina gaida na Newtown da Kotobabi, na Sabon Zango da Fadama, har zuwa Zangon Madina. Iyayenmu mata da ke bakin murhu, sannunku da aiki. Telan da ke kan keke, da direban trotro da cunkoson titin Nima ya riƙe, a ɗan ƙara muryar rediyo. In akwai yaro ko yarinya a kusa, a kira su su zauna. Shirin yau nasu ne, kuma naku ne.

Yau kan gem za mu yi magana. Wasan kwamfuta. Na san wasu iyaye har sun ɓata rai. Kuna da gaskiyarku. Yaro ya tsere wa makarantar allo, an tsinto shi a gidan gem. An aike shi sayen gawayi, canjin ya ƙare a hannun mai gem. Kuka ne na gaskiya, kuma ba zan ce ku daina ba. Amma ku ba ni aron kunnuwanku. Ba buga gem zan koyar ba. Yadda ake ƙera shi zan faɗa. A cikin ƙirar ma abu ɗaya na zaɓa: yadda ɗan mutumin nan da ke allo yake ɗaga ƙafa ya yi tafiya, da inda kwamfuta take ɗauko hotunansa.

Kuma tsofaffin injuna za mu bi, irin na shekarun 1980 da 1990. Me ya sa? Don tsohon inji ba ya ɓoye cikinsa. Ƙarami ne. Mutum ɗaya zai iya gane shi daga kai har ƙafa. Wanda ya gane ƙaramin, babban ba zai ba shi tsoro ba.

To, bismillah. Sashe na farko: babu abin da yake motsi.

Ku sake ji. A allon nan babu abin da yake motsi. Ku da kuka tashi da ɗan injin nan mai kaset rawaya, wanda ake jonawa a bayan talabijin, kun tuna Mario yana gudu. Kun tuna sojojin Contra suna tsalle. To ba gudu suke ba, ba tsalle suke ba. Hotuna ne tsayayyu. A nuna wannan, a ɗauke, a nuna na gaba, a ɗauke. Sauri ne ke sa ido ya haɗa su.

Kowa zai iya gwadawa a daren nan. Ɗauko tsohon littafin rubutu. A kusurwar shafi ka zana ƙwallo a ƙasa. A shafi na gaba ka ɗan ɗaga ta. Na gaba ka ƙara ɗagawa. Ka yi shafi goma. Sai ka kama kusurwar da babban yatsa ka sake ta, firrr. Ƙwallo ta tashi. Ba ka motsa komai ba. Hotuna ka sauya.

Fim ɗin sinima hoto 24 yake nunawa a kowace daƙiƙa. Tafiyar Mario kuwa hoto 3 ce kacal, ana maimaita su. Hoto 3, amma duniya ta yarda yana gudu.

Ga sunaye biyu da za mu riƙe. Ɗan hoton da ke yawo a allo ba tare da ya ɓata abin da ke bayansa ba, masu sana'ar suna ce masa sifirayit. Mu za mu ce ɗan hoto. Kowane tsayayyen zane na motsinsa kuma suna ce masa firem. Mu za mu ce gaɓa. Ɗan hoto da gaɓoɓinsa. Ku riƙe waɗannan.

Sashe na biyu: da me ake yin hoton?

Da lambobi. Kwamfuta ba ta san fuska ba, ba ta san riga ba. Lamba ta sani. Allonta ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo ana ce masa fiksil. Ɗauko littafin lissafi mai gida-gida, irin wanda yara ke zuwa da shi makaranta. Ƙirga gida 16 a kwance, 16 a tsaye. Gida 256 ke nan. Zana yarinya ɗauke da tiren koko a ka, kana cike gidajen ɗaya bayan ɗaya. Sai ka ba kowane launi lamba. Baƙi 1. Ja 2. Fari 3. Inda babu komai, sifili. Ka rubuta lambobin a jere, layi bayan layi. Wannan jerin lambobin shi ne hoton a wurin kwamfuta. Haka masu ƙera wasanni da yawa suka fara a wancan zamani, da takarda mai gida-gida da fensir.

Yanzu ku ji irin ƙuncin da suka yi aiki a ciki. Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da injinsa na gida a 1983. A 1985 wasan Super Mario Bros. ya fito. Dukan wasan, da waƙoƙinsa da hanyoyinsa da dodanninsa, kilobayit 40 ne. Hotuna a ciki kilobayit 8 suka samu. Hoton biki ɗaya mai megabayit 2 da ke wayarki, Hajiya, ya ninka dukan wasan sau 50.

Injin yana riƙe 'yan hotuna 64 a lokaci ɗaya, amma a kan layi ɗaya na allo 8 kawai yake iya nunawa. Shi ya sa in abokan gaba suka yi yawa, sai ku ga suna ƙyaf-ƙyaf, suna ɓacewa suna dawowa. Yara kan ce kaset ya lalace, su cire su hura masa iska. Bai lalace ba. Wasan ne da kansa ke raba musu layi, wannan ya fito yanzu, wancan ya fito an jima. Kowane ɗan hoto kuma launi 3 ya samu, na huɗun na "kar a zana" ne. Za mu dawo kansa.

Ƙunci ya koya musu dabara. Gajimaren da ke sama a wasan Mario da ɗan kurmin da ke ƙasa, zane ɗaya ne. Launi aka sauya, fari a sama, kore a ƙasa. Ɗan dodon nan mai kama da naman kaza da ke tahowa yana rangaji, hoto ɗaya ne tak. Ana juya shi hagu, ana juya shi dama, sai ka rantse ƙafa yake ɗagawa. Luigi kuma Mario ne aka sauya wa launin kaya. Ko a Mortal Kombat na 1992, da aka ɗauki hoton mutane na gaske suna faɗa, Scorpion da Sub-Zero mutum ɗaya ne ya yi su. Ɗaya rawaya, ɗaya shuɗi. Ni wannan tattalin yana burge ni ƙwarai. Ba su tsaya jiran babban inji ba. Sun dubi abin da ke hannu, suka tatse shi.

To masu sauraro, mun iso tsakiyar magana. Sashe na uku: ɗauko gaɓoɓi daga fayil. A nan za mu daɗe, don nan ne aikin yake. Wanda ke da biro ya ɗauko.

A injin kaset, hotunan suna ƙone a cikin kaset ɗin, inji na ganinsu kai tsaye. A kwamfutar tebur ba haka ba ne. Hoto yana kwance a faifai, a cikin fayil. Fayil kuwa ba komai ba ne illa dogon jerin lambobi da aka raɗa wa suna. Sai mai tsara manhaja ya je ya ɗauko da kansa.

Ga filin da ake wasan. A 1987 kamfanin IBM ya fito da tsarin allo mai suna VGA. Yana da wani yanayi da masu ƙera gem suka so ƙwarai: ɗigo 320 a kwance, 200 a tsaye, launi 256. Kowane ɗigo bayit ɗaya, wato gurbin lamba ɗaya daga sifili zuwa 255. Dukan allon bayit 64,000. Ka rubuta lamba a gurbi, ɗigo ya haska. A 1991 kuma, tsarin MS-DOS na 5 ya zo da harshen QBasic a cikinsa kyauta. Yara da yawa a duniya a nan suka rubuta wasansu na farko.

Yanzu yarinyarmu mai koko tana buƙatar gaɓa 4 don ta yi tafiya. Ƙafar dama gaba. Ƙafafu a haɗe. Ƙafar hagu gaba. Ƙafafu a haɗe. Za ka iya ajiye kowace gaɓa a fayil ɗinta. Amma buɗe fayil a faifan da aiki ne mai nauyi. Kana jin faifan yana gurnani kafin ya ba ka abin da ka nema. Don haka sai a jera gaɓoɓin duka a hoto ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Mu kira shi shimfiɗa. Gaɓa 4, kowace faɗinta 16. Shimfiɗar faɗinta 64, tsayinta 16. Fayil ɗaya, buɗewa ɗaya.

Sharaɗin shimfiɗa shi ne daidaito. Kowace gaɓa girmanta ɗaya da 'yar uwarta. Kuma tafin ƙafa ya sauka a layi ɗaya a dukansu. In a gaɓa ta biyu ka ɗaga yarinyar da ɗigo ɗaya bisa kuskure, za ta riƙa karkarwa tana tafiya. Ɗigo ɗaya kawai, amma ido zai kama.

Mu buɗe fayil. Mu ɗauki irin BMP, don ya fi sauƙi, kuma manhajar zane ta Paint tana ajiye shi. Abin da za ka fara tararwa ba hoto ba ne. Bayani ne kan hoton. Mu ce masa goshin fayil. Bayit biyu na farko haruffa ne, B da M. In ba ka gan su ba, rufe fayil ɗin, ba shi ba ne. A irin da aka fi sabawa da shi, goshin bayit 54 ne. A ciki za ka sami faɗi, da tsayi, da yawan launuka, da wurin da ainihin ɗigogin suka fara. Kar ka yi zato. Karanta. In ka ɗauka kowane hoto faɗinsa 64 ne, ranar da ƙanenka ya zana mai faɗi 80, manhajarka ta watse.

Bayan goshi sai jadawalin launuka. Kun tuna mun ce baƙi 1, ja 2? Jadawalin ne ke faɗa wa inji abin da kowace lamba take nufi. Kowane launi haɗin haske uku ne: ja, kore, shuɗi. Launi 256, kowanne bayit 4, ya ba da 1,024. Ka tara da 54 na goshi. In jadawalin cikakke ne, ɗigogi suna farawa a bayit na 1,078.

A nan akwai ramuka huɗu, kuma kusan duk mai koyo sai ya faɗa ɗaya.

Na farko, BMP yana ajiye layuka daga ƙasa zuwa sama. Layin farko a fayil shi ne na ƙarshe a hoto. In ka karanta kai tsaye, yarinyar za ta fito kai a ƙasa, ƙafa a sama. Ka gan ta haka, kar ka firgita. Juya ƙirgen layuka kawai.

Na biyu ya fi wayo. Kowane layi sai an cike shi ya zama ninkin 4. Faɗi 64 lafiya lau, 4 ta raba shi. Amma faɗi 50 fa? Fayil zai ƙara bayit 2 na banza a ƙarshen kowane layi, ya zama 52. In ba ka tsallake su ba, kowane layi zai zame kaɗan daga na samansa, hoton ya fito a karkace. Hoto a karkace, ka duba cikon layi.

Na uku, jadawalin yana jera launi a juye: shuɗi, kore, ja. In ka ɗauka ja ne farko, fuskar yarinyar za ta koma shuɗiya. Na huɗu kuma, fayil yana auna haske daga sifili zuwa 255, allon VGA kuwa daga sifili zuwa 63 yake karɓa. Sai ka raba kowace lamba da 4 kafin ka miƙa masa.

Bari in maimaita, don mai biro. Kai a ƙasa: juya layuka. A karkace: cikon layi. Fuska shuɗiya: jerin launi. Launuka sun haukace: raba da 4.

Akwai wani irin fayil da masu gem na DOS suka yi amfani da shi sosai, sunansa PCX. Shi goshinsa bayit 128 ne, jadawalin launukansa kuma a can ƙarshe yake, bayit 768 na wutsiya. Abin sha'awarsa shi ne matsi. Maimakon ya rubuta sifili sau goma, sai ya ce: goma, sifili. Ta yaya za ka gane umarni ne ba launi ba? In lambar ta kai 192 ko ta wuce, umarni ce. Cire 192, abin da ya rage shi ne yawan maimaitawa, lamba ta gaba kuma ita ce launin. Ka ga 202, ka cire 192, saura 10. Zana launi na gaba sau 10. Dabara ce 'yar ƙarama, amma a lokacin da faifai ke ɗaukar megabayit 1.44 kacal, ita ke sa wasa ya shiga faifai ɗaya.

To mun karanta shimfiɗa. Saura yanka. Nan lissafin firamare ne. Ana fara ƙirga gaɓa daga sifili. Gaɓar sifili tana farawa a ɗigo na sifili. Ta ɗaya a 16. Ta biyu a 32. Ta uku a 48. Lambar gaɓa sau faɗinta, shi ke nan. Layuka ma daga sifili ake ƙirga su. In kana neman farkon layi na 5 a gaɓa ta biyu, ka ce 5 sau 64, 320. Ƙara 32. 352. Je gurbi na 352, kwashi ɗigo 16. Haka za ka yi layi bayan layi har gaɓar ta cika. Kowace gaɓa bayit 256. Huɗun duka bayit 1,024, kilobayit ɗaya. A QBasic akwai umarni biyu da suka sauƙaƙa wannan: GET ya kwashi murabba'i daga allo ya ajiye, PUT ya mayar da shi duk inda ka so.

Yaran da ke tambaya ina amfanin jadawalin sau da ake sa su haddacewa, ga shi nan. Shi ke ɗaga ƙafar ɗan hoto.

Yanzu ga ƙa'idar da ta fi duk sauran. In kun manta komai, kar ku manta wannan. Sau ɗaya ake ɗaukowa.

Ku dubi Hajiya mai waakye. Tun kafin asuba ta wanke shinkafa da wake, ta ɗora tukunya, ta gama. Gari ya waye, layi ya kafu. Wanda ya zo, ta sa ludayi ta zuba masa. Da a ce duk mai saye sai ta ruga kasuwar Nima ta auno shinkafarsa, wa zai tsaya? To faifai shi ne kasuwa. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ita ce tukunya. Kafin wasa ya fara, ka je faifai sau ɗaya, ka karanta, ka yanka, ka jera gaɓoɓi a ƙwaƙwalwa, ka rufe fayil. In wasa ya kankama, daga ƙwaƙwalwa kawai ake ɗiba. Kuskuren da sabon hannu ya fi yi shi ne ya sa umarnin buɗe fayil a cikin zagayen wasa. Sai inji ya riƙa komawa faifai sau da yawa a kowace daƙiƙa. Wasa ya riƙa sarƙewa, yaro ya ce kwamfutar ce ta tsufa. Ba ita ba ce. Sau ɗaya ake ɗaukowa.

Injin Commodore 64, wanda ya fito a 1982, ya kai wannan tunani maƙura. Ɗan hotonsa ɗigo 24 ne a kwance, 21 a tsaye, bayit 63. Kana jera gaɓoɓi a ƙwaƙwalwa, kowace a gurbinta. Akwai kuma lamba ɗaya da ke nuna wa inji gurbin da zai duba. Kana son sauya gaɓa? Ba ka kwafe komai. Lamba ɗayar nan za ka sauya. Bayit ɗaya, ƙafa ta ɗagu.

Mu ɗan numfasa. Wanda ya shigo yanzu, kan yadda hoton gem ke tafiya muke magana, kuma mun iso sashe na huɗu: nunawa.

Abu na farko, launin "kar a zana". Gaɓa murabba'i ce, yarinya kuwa ba murabba'i ba ce. In ka zana dukan gidajen, za ta riƙa yawo da baƙin akwati kewaye da ita, tana shafe titi da shaguna. Maganin shi ne sifilin nan da muka sa inda babu komai. Ka ce wa manhaja: in kin ga sifili, tsallake. Abin da ke baya ya zauna yadda yake.

Na biyu, lokaci. Ƙirgen gaɓa zagaye yake: sifili, 1, 2, 3, a koma sifili. Amma yaushe za a sauya? Allon VGA a yanayin da muka faɗa yana sabunta kansa sau 70 a daƙiƙa. In kana sauya gaɓa duk sabuntawa, ƙafafun ba za su ganu ba. Ka bari sai an sabunta sau 8 ko 9. Gaɓa 8 ke nan a daƙiƙa, kusan. Tafiya ta yi kyau. Kuma da agogo za ka ƙirga, ba da saurin inji ba. Wasu tsofaffin wasanni sun dogara da saurin injin zamaninsu. Da injuna suka ƙara gudu, wasannin suka zama ba sa buguwa, kafin ka taɓa maɓalli an kashe ka.

Na uku, allon ɓoye. Kar ka goge ka zana a gaban mai kallo, zai ga walƙiya. Ware wuri a ƙwaƙwalwa mai girman allo. Zana titi a can. Ɗora yarinya a kai. In komai ya kammala, kwafe shi gaba ɗaya zuwa allo.

Akwai kuma wani abu da mu mutanen Zango za mu lura da shi kafin kowa. Don tattalin wuri, akan zana tafiyar dama kawai, ta hagu a juya hoton. Dabara ce mai kyau. Amma in ɗan hotonka yana miƙa hannu ya gaisa, ko yana karɓar kuɗi, juyawar za ta sa ya yi da hagu. Kakarka tana kallon allon za ta ce wannan yaro ba shi da tarbiyya. Irin wannan gaɓa, zana ta daban.

Sashe na ƙarshe: mu fa?

Jordan Mechner, wanda ya ƙera Prince of Persia a 1989, ba shi da ɗakin ɗaukar fim. Ƙanensa ya sa ya yi ta gudu da tsalle, ya ɗauke shi a bidiyo, sannan ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana fitar da siffar jikin. Shi ya sa gudun yariman nan yake kamar na ɗan Adam. Yau wayar da ke aljihunka ta fi kyamararsa nesa ba kusa ba. Je filin Kawukudi da yamma. Ɗauki abokinka yana buga ƙwallo, da izininsa. Tsayar da bidiyon wuri 6. Zana kowanne a gida-gida. Ka sami gaɓoɓinka, kuma gudun ɗan Nima ne, ba na wani ba.

Wani zai ce ba shi da kwamfuta. A watan Fabrairu na 2018, hoton wani malami a Sekyedumase ta yankin Ashanti, Richard Appiah Akoto, ya zaga duniya. Da alli ya zana fuskar manhajar Microsoft Word a allon aji, don makarantarsa ba ta da kwamfuta. Ban ce haka ya kamata yara su zauna ba. Haƙƙinsu ne a ba su inji, kuma a ci gaba da nema musu. Amma rabin abin da na faɗa yau a takarda ake yinsa: zanen, lambobin, lissafin yanka. Sauran rabin kuma tsohuwar kwamfuta ta hannu, irin da ake samu a Circle, ta ishe shi har ta yi yawa. Akwai manhajar DOSBox, kyauta, da ke mayar da injin yau ya yi aikin na da. Akwai QB64 ga mai son harshen QBasic. Akwai TIC-80, wadda ke aiki har a wayar Android, da wurin zana ɗan hoto a cikinta. Ƙananan yara kuma su fara da Scratch, inda kowace gaɓa take kamar sutura da ɗan hoto ke sauyawa. Sai dai a riƙa adana aiki a kai a kai. In dumsor ya zo, wuta ta ɗauke, abin da ke ƙwaƙwalwa ya tafi, abin da ke faifai ne zai tsira.

Kuma sana'a ce a ƙasar nan. Eyram Tawia, wanda ya yi karatu a jami'ar KNUST ta Kumasi, shi da Wesley Kirinya na Kenya sun kafa kamfanin Leti Arts a 2009, yana nan Accra yana ƙera wasanni da jaruman tatsuniyoyin Afirka. Regina Honu, mai Soronko Academy, a nan Nima ta koyar da 'yan mata rubuta manhaja a shirinta na Tech Needs Girls. Don haka in na ce yaro, da yarinya nake. Iyaye, kar a ce wannan na maza ne.

Na san akwai gidajen da ke da damuwa kan zana abu mai rai. Wannan a tambayi malamai, su ne masu fatawa. Abin da zan ce kawai, aikin bai tsaya a kan mutum ba. Trotro mai juya taya gaɓa 2 ta ishe shi. Ƙwallo mai birgima, 4. Harafin ajami da ke rubuta kansa daga dama zuwa hagu, don ƙananan yara su ga inda alƙalami ke farawa da inda yake tsayawa, wannan ma gaɓoɓi ne a shimfiɗa. Ina fata in ga ɗan Zango ya yi wannan.

Ga aikin gida. Littafin lissafi, fensir, launi uku. Murabba'i 4 a jere, kowanne 16 da 16. A zana tafiya, ko taya, ko harafi. A tabbata ƙasan kowanne ya sauka a layi ɗaya. Sannan a rubuta lambobin layi na 5 na gaɓa ta biyu, a lissafa gurbin da yake farawa. Baba, in ya kawo maka, ka tambaye shi yadda ya samu amsar, ka bar shi ya yi maka bayani har ya gama.

A ajiye takardun, kar a bar ƙanne su yaga. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, da su za mu yi aiki, don za mu duba yadda ɗan hoto ke gane cewa ya ci karo da bango. Sai mun sake haɗuwa.